Damin da Ban Rubuta Ba

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Kore Mairuwa. Ba zan faɗi sunana ba, don waɗanda suka san ni sun riga sun san labarin, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. Ubana manomi ne, bai taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba, ni ne na farko a gidanmu da ya kai ƙarshen sakandare. Tun ina ƙarami Allah ya ba ni baki. In aka yi gardama a filin ƙwallo ni ke yanke hukunci, kuma abin mamaki, kullum abokina ne ke da gaskiya. Uwata takan ce bakin nan nawa ko ya ciyar da ni ko ya ɗaure ni. Ya yi duka biyun.

Da na gama, aka haɗa ƙarfi a gida aka tura ni Yamai, wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta, inda ake karatun shekara biyu kan dokokin laifi da yadda kotu take aiki. Na so karatun nan, wallahi na so shi. Ajinmu a saman wasu shaguna yake, ga zafi ga ƙarar injin niƙa, amma ban taɓa fashi ba. Muka karanta yadda ake kama mutum, yadda ake sauraron shaida, da abin da alƙali yake karɓa a matsayin hujja. Ranar da aka yi mana jarrabawa kan laifin ƙirƙirar takardar ƙarya da yin aiki da ita, ni na zo na ɗaya. Na san hukuncin laifin nan kamar yadda na san Fatiha, saboda haka kada wani ya ce rashin sani ne ya kai ni.

Na fito da takardata, na shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikata sau biyu, sunana bai fito ba. Komawa ƙauye da fartanya kuwa girman kai ya hana ni. Sai na sauka Dogondutsi, na kafa tebur a inuwar wata darbejiya ba nisa da kotu, ina rubuta wa mutane takardun ƙara da na koke. Aikin halal ne, yana kuma ciyar da ni. Wata rana wani baƙauye ya kira ni Metir, wato yadda ake kiran lauya. Na san ni ba lauya ba ne, amma sunan ya yi mini daɗi a kunne, ban gyara masa ba. Kafin wata ya ƙare ko mai shayi Metir yake ce mini.

Daga nan wani abokina ya zo yana kuka da maƙwabcinsa, awakinsa sun cinye masa wake. Don wasa na rubuta wata takarda da manyan kalmomin Faransanci, ba hatimi ba sa hannun kowa, aka kai wa maƙwabcin. Washegari mutumin ya zo har gida yana ba da haƙuri. Muka yi ta dariya. A ranar na gane cewa mutanenmu sun fi tsoron takarda a kan maciji, na kuma adana wannan sani a raina. Ba a daɗe ba na sa aka sassaƙa mini hatimi, daga ɗaya suka zama uku.

Garba ɗan kasuwa ne mai shagon siminti a Dutsi, asalinsa wani ƙauye ne a ƙasar Ɗan Kassari. Wata rana ya zauna a bencina ya faɗa mini damuwarsa. Akwai wata gona mai kwari da gidansu suke nomawa tun zamanin ubansa, amma ta aro ce daga gidan wani dattijo mai suna Arzika. Ku ƴan birni wataƙila ba ku san yadda ake yi ba. In an ara maka gona, kowace kaka kakan kai wa mai ita damin hatsi guda har ƙofar gidansa. Damin ba kuɗin haya ba ne, shaida ce cewa ka san gonar ba taka ba ce. Yanzu iyalin Arzika sun yi yawa, gonarsa ta kan tudu ta gaji, ya aiko cewa yana son abinsa. Garba kuwa ya riga ya yi niyyar kafa lambu a kwarin.

Na tambaye shi ko an taɓa rubuta zancen damin a wani wuri. Ya yi dariya ya ce, “Metir, wa ka rubuta dami?” Na ce to daga bana ya hana a kai, sauran aikin ya bar mini. Na rubuta takardar ciniki da sunan uban Garba da uban Arzika, dukansu sun daɗe da rasuwa, shaidun ma na zaɓo su daga cikin matattu. Na buga hatimin wani tsohon mai gari, na dangwala yatsuna, na rataye takardar a saman murhu har hayaƙi ya tsufar da ita. Da na dube ta, abin da na ji a raina alfahari ne, ba tsoro ba.

Da aka kai maganar gaban sarki don sulhu, Garba ya fito da takardar. Dattawan da suka san gaskiya suka dubi hatimi suka sunkuyar da kai. Arzika ya ce a yi rantsuwa, aka ce masa ga takarda. Sulhu bai yiwu ba, sai kotu.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, da Arzika ya zo Dutsi neman wanda zai rubuta masa ƙara, teburina aka nuna masa. Tsoho ne siriri mai furfura, tare da babban ɗansa Namata, magidanci mai mata da ƴaƴa uku. Ya tuɓe takalmi kafin ya zauna, kamar ya zo gaban malami. Ya ce, “Ɗana, ka rubuta musu da kyau. Tun ina saurayi suke kawo muna dami, ba su taɓa fashi ba sai da wanga zance ya taso. Ka sa zancen damin ga farko, shi na gaskiyarmu.” Na ce to, Baba. Na cika shafi biyu da gaisuwa da koke, ban sa kalmar dami ko sau ɗaya ba. Da na karanta masa da Hausa sai na ƙara ta da baki. Ya dangwala yatsa, ya ce, “Allah shi yi maka albarka.” Na ce amin.

Kotu ta hana kowa taɓa gonar sai an yanke hukunci. Ni kuma na koya wa Garba duk dabarun jan lokaci da na sani: yau ba shi da lafiya, gobe shaidarsa ya yi tafiya. Damina biyu kwarin nan yana kwance, ciyawa ta kai ƙugu. Garba bai ji komai ba, yana da shago. Gidan Arzika kuwa rumbunsu ya ƙare tun kafin bazara. A shekara ta biyu na ji a bakin masu zuwa kasuwa cewa Namata ya bi ƴan haƙar zinariya zuwa arewa, can cikin hamada, don ya samo abin da za a ci. Na ji, na ci gaba da cin tuwona.

Da ranar shari'a ta matso, na ba Garba shawara ya kawo uwarsa, Inna Kulu, ta yi shaida. A makaranta an koya mana cewa shaidar ƙarya takan rikice in an matsa ta da tambaya, saboda haka ban koya wa tsohuwar ƙarya ko ɗaya ba. Na ce ta faɗi abin da ta sani kawai, cewa tun da aka kawo ta gidan suke noman kwarin. Na ɗauka na yi dabarar da ba a taɓa yi ba. Ban tambaye ta zancen dami ba, don a ganina an rufe wannan tun da Garba ya hana.

Ina zaune a bencin baya aka kira ta. Ta tsaya da sandarta, wani tafinta yana juya wa alƙali maganarta zuwa Faransanci. Ta ce tun tana amarya take kai abinci gonar nan. Alƙali ya tambaye ta ko ta san yadda gonar ta zo hannunsu. Ta ce, “Aro na, ranka shi daɗe, kuma mu ba mu taɓa cin amana ba. Kowace kaka muna kai daminsu. Da Garba ya hana, na ce yaro na, bai san abin da shika yi ba. Daga hatsin gayaunata na ɗaure dami na sa anka kai ma matar Arzika, bara da bana duka. Ba ni son in ishe mijina lahira shi tambaye ni.” Ta faɗi wannan tana alfahari, a zatonta ɗanta take karewa, tana nuna gidansu gidan mutunci ne.

Garba ya waiwayo ya dube ni, alƙali ya bi idonsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin la'asar Garba ya faɗi komai, jandarmomi suka buɗe akwatina suka sami hatimai uku. Da mai bincike ya karanta mini laifina, har lambar dokar na riga shi faɗa. Ya ɗaga kai ya ce ashe ma na sani.

Shekarun da na yi a gidan kaso ba zan tsaya ba ku labarinsu ba. Cunkoso ne da ƙaiƙayi da wake mai tsakuwa. Ubana bai zo ko sau ɗaya ba, ya rasu ina ciki. Uwata takan zo ranar kasuwa da ƙullin fura. Fursunoni suna zuwa in duba musu takardunsu, ina yi musu tsakani da Allah, kuma duk wanda ya ce mini Metir nakan ce ya kira ni da sunana. A can na fara sallah da natsuwa, a can kuma na gane cewa abin da na sata ba fili ba ne kawai, damina biyu ce ta mutanen da ba su da wani abin ci sai ita.

Da aka sake ni, kafin in je gida na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen Arzika. An mayar masa da gonarsa, na same shi a bakinta da hantsi, ya ƙara tsufa, hatsi ya yi kyau a kwarin. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Ya ce ya gane ni tun daga nesa. Na ce na zo neman gafara.

Ya ce, “Abin da ka yi mini ni, na yahe, don ni ma ina son Allah shi yahe mini. Gona ta dawo, ga ta nan. Amma Namata tun da ya tahi, sau guda munka ji muryatai. Ba mu san ko shina da rai ba, ba mu yi mishi sadaka ba, matatai ba ta san ko takaba za ta yi ba. Hakkinshi ba ni da ikon yahe shi. In ka gane shi, ka roƙe shi da kanka.”

Shekara uku ke nan ina nemansa. Duk motar da ta sauko daga arewa nakan je tasha in tambaya, na rubuta takardu zuwa duk inda na san ana ajiye sunayen ɓatattu, wannan karon da gaskiya a kowane layi. Har yau babu labari. Yanzu noma nake yi a gonar ubana, kuma kowace kaka nakan kai wa matar Namata abin da ya sawwaƙa. Tana karɓa saboda yara, amma ba ta taɓa amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinta ba.

Ku matasa, musamman ku da kuke karatun doka, da ku nake. Za ku koma cikin mutanen da ba su iya karanta abin da kuka rubuta ba, za su tuɓe takalmi su zauna gabanku su dangwala yatsa a duk inda kuka nuna. Kada ku karɓi sunan da ba naku ba, kada ku tsorata kowa da takarda ko da wasa, kuma abin da mutum ya ce ku rubuta, ku rubuta shi. Kada ku yi lissafin cewa in an kama ku za ku yi zaman kaso ku biya. Ni na yi nawa har ƙarshe, hukuma ta ce ba ta bina komai. Amma mutumin da gafarata take hannunsa, ban san ko yana duniya ba.