'Yan Jiƙo a Kan Kogin Nilu

Shin Malam, maigidana, bai tsargu ba ko kaɗan, lokacin da mutumin ofishin nan ya tambaye shi ja yake so ko fari? Ko ya tsargu ne, girman kai irin na malamai ya hana shi tambaya? Har yau ban sani ba. Wani lokaci ina wanke kofuna sai abin ya faɗo mini, in yi ta dariya ni kaɗai, kafin in ankara dariyar ta zama kuka. Wanda zan tambaya ya tafi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Ni ban yi karatu ba, surukata ce take rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini zance.

Ɗanmu ne ya kawo mu Alƙahira. Karatu ya zo yi, ya gama ya zauna, ya yi aure. Da ciwon zuciya ya matsa wa babansa sai ya ɗauko mu daga Zariya, ya kama mana gida a Darrasa, kusa da wani tsohon masallaci. Malam ya yi rayuwarsa yana karantar da littattafai a zaure, saboda haka ya sauko jirgi da yaƙinin cewa shi dai Larabci ba zai ba shi wahala ba. Ashe Larabcinsa na cikin littafi ne. Ranar da ya fara zuwa sayen burodi, ya jero wa mai burodin magana mai tsawo, mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga hannu ya ce, "Amin, ya Shehi." Ya ɗauka addu'a aka yi masa. Tun daga nan ɗanmu ne bakinmu a asibiti da kasuwa da ko'ina. Malam bai taɓa cewa abin yana damunsa ba, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na sani.

Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne jiƙo. Dabino ake zubawa a ruwa ya kwana, ko zabibi, ko busasshen ɓaure, a tace a sha da sanyi. Malam yana da dokokinsa a kai: ba a haɗa dabino da zabibi a mazubi ɗaya, ba ya wuce kwana uku, in ya fara kumfa kuwa sai dai a zubar. Duk Alhamis bayan la'asar tsofaffi suna taruwa a gidanmu don wannan jiƙon. Akwai wani Alhaji ɗan Damagaram mai fataucin atamfa, da matarsa. Akwai ƙawata Bahaushiyar Sudan, wadda take hawo mota tun daga Hayyin Ashir, Larabci a bakinta kamar ruwa. Akwai kuma wasu dattawa biyu da jinya ta kawo su irin namu. Mu da kanmu muka sa wa kanmu suna 'yan jiƙo.

Da kin ga yadda ake shan nan. Alhaji zai ɗaga kofi ya duba ta hasken taga, ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki kamar mai tunanin duniya.

"Wannan dabinon Siwa ne, na nan Masar," in ji shi. "Yana da zaƙi, amma ba shi da baya. Namu na Bilma sai ka haɗiye sannan yake gaishe ka."

"Alhaji, kai ko ruwan famfo aka ce daga Nijar yake, cewa za ka yi yana da baya," in ji ƙawata.

A irin wannan zaman ne Malam ya buga sandarsa a ƙasa ya ce 'yan jiƙo za su fita yawon buɗe ido. Jirgin ruwa za mu shiga a kan Nilu, irin mai gidan abinci a ciki, mu ci abincin manya, mu sha jiƙon Misirawa mu ji ko sun iya, mu kalli masu tannura, wato mazan nan da suke juyi da faffaɗan siket mai launi-launi. Kowa ya yi murna. Ni kaɗai na san daga inda maganar ta taso. Tun ina amarya Malam yake ce mini wata rana zai kai ni inda zan zauna a kawo mini abinci, ban hura wuta ba, ban wanke tukunya ba. Muka haifi 'ya'ya, muka aurar, alkawarin yana nan bai cika ba. Ga shi likita ya fara yi wa ɗanmu magana ƙasa-ƙasa in mun je asibiti.

Shirin ya ci mana makonni. Matar Alhaji ta ce ita ba za ta ci abin da ba ta san sunansa ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce shi dai a tabbatar akwai kujera mai jingina saboda bayansa. Aka yi gardama kan rana, aka yi gardama kan ko da rana za a je ko da yamma, har aka tsaya a kan jirgin da yake tashi bayan la'asar ya dawo da isha'i. Ƙawata ta ce a bar mata zuwa ofishin masu shirya tafiye-tafiye, tunda ita ce mai harshe. Ɗanmu ma ya ce zai je.

"Ba wanda zai je sai ni," in ji Malam. "Ni na yi alkawari, ni zan yi magana da bakina."

Ya sa babbar rigarsa, ya naɗa rawani, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar birni. Ina tsaye a taga har ya dawo. Ya shigo fuska wasai, rabon da in gan shi haka tun muna Zariya. Ni kaɗai ya ba labarin yadda aka yi, ya ce sauran su bari su gani da idonsu.

"Hajiya, yau na sami Bamisiren da yake jin Larabci na gaskiya. Na ce masa mu jama'a ce ta masoya nabizu."

"Mene ne kuma nabizu?"

"Sunan jiƙo ke nan a littafi. Da jin haka mutumin ya miƙe ya kawo mini kujera. Ya ce ja muke so ko fari. Na ce duka muna sha, na dabino ja, na zabibi fari-fari. Ya ce sabo ko wanda ya daɗe. Na ce kada dai ya wuce kwana uku. Ya yi ta dariya har da buga tebur, ya ce ni mutum ne mai barkwanci."

"To me ya ba shi dariya?"

Malam ya ɗan yi shiru, ya shafa gemu, sannan ya ce, "Misirawa ai ba a raba su da dariya." Wannan ɗan shirun ne nake ta juyawa a raina.

Ranar tafiya na sa leshina mai ruwan zuma, na yi lalle. Muka shiga jirgin, sai ga tebur an ware mana can gaba a falo, da farin ƙyalle, da cokula iri-iri, gaban kowa kuma kofunan gilashi dogaye masu siririyar ƙafa. Matar Alhaji ta raɗa mini cewa in ta fasa ɗaya ni zan ce ni ce. Jirgi ya saki gaɓa, gine-gine suka fara tafiya da baya. Sai wani ma'aikaci mai baƙar kwat ya zo da kwalba a naɗe cikin tawul, ya rusuna, ya zuba ɗan kaɗan a kofin Malam don ya ɗanɗana, shi ne babba.

Malam ya ɗaga kofin ya duba ta haske, yadda muka saba. Kafin ya kai hanci, Alhaji, wanda yake karanta Faransanci, ya leƙa jikin kwalbar ya yi salati da ƙarfi.

"Malam, ajiye! Wallahi giya ce!"

Ƙawata ta juya ta yi wa ma'aikacin Larabci da sauri, ya amsa mata cikin ladabi. Sai ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Da ƙyar ta iya magana.

"Ya Shehi, me ka ce musu? Nabizu? Ai a garin nan giyar inabi ake kira haka! Cewa ka yi mu ƙungiyar mashaya ce! Wai har sun ware mana gaba-gaba don mu ga macen da take rawa a nan sosai!"

Kowa ya fashe da dariya, har dattijon mai ciwon baya. Malam bai yi ba. Ya ajiye kofin a hankali, ya goge yatsunsa, ya miƙe ya ce a tsayar da jirgi zai sauka. Aka ce masa muna tsakiyar kogi. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Hajiya, da tsufanki na kawo ki gidan giya."

Na ga in na bar shi a haka, da wannan baƙin cikin zai koma gida, ba kuma zai sake buɗe baki a garin nan ba. Na kama hannun rigarsa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba.

"Malam, ka sha?"

"Ban sha ba."

"Na sha?"

"A'a."

"To ni yunwa nake ji, kuma ban ga murhu a nan ba. Ka gama abin da ka fara. Ka gaya musu da bakinka abin da muke so."

Ya juya wurin ma'aikacin. Wannan karon bai jero magana ba. Ya nuna kwalbar ya ce, "La." Ya nuna saman jirgin ya ce, "Foƙ." Ya ce, "Karkade. Tamar hindi." Zoɓo da tsamiya ke nan. Ma'aikacin ya dafa ƙirji yana ta ba da haƙuri, "ma'alish, ya Shehi," suka kwashe mu zuwa saman jirgin, inda babu kowa sai iska. Can suka shimfiɗa mana wani teburin, nesa da kwalabe da mai rawa.

Aka kawo zoɓo da tsamiya da ruwan goruba da sobiya mai kama da kunun gyaɗa, a cikin sababbin dogayen kofuna. Alhaji ya ɗaga na zoɓo ya shinshina.

"Ja ne," in ji shi. "Na shekarar bana. Yana da baya."

Nan ne Malam ya yi dariya, har sai da na shafa masa baya. Muka ci tattabaru da aka cusa wa shinkafa, da gasasshen kifi, da wani abu mai madara da ƙwaya-ƙwaya a sama wanda har yau ban san sunansa ba. Matar Alhaji ta cinye nata ta taɓa na mijinta. Da magariba ta yi muka shimfiɗa mayafai muka yi salla a nan sama, Malam ya ja mu. Bayan nan mai tannura ya hauro da mai ganga, ya yi mana juyi mu kaɗai, siket ɗinsa ya tashi kamar faifai. Da aka zo kwashe kwanuka na fara tattara su, hannu ya saba. Malam ya buge mini hannu.

"Zauna. Yau ba ke ba ce."

Tun a hanyar komawa aka fara shirin tafiya ta biyu, wai Iskandariyya za mu je mu ga teku mu ci kifi. Aka yi ta gardama a kai duk Alhamis, yadda aka saba. Ba mu je ba. Da sanyi ya shigo jikin Malam ya tashi, aka kwantar da shi. Kujerarsa tana nan a gefen taga, ban yarda an matsar da ita ba. 'Yan jiƙo suna zuwa har yanzu, sai dai ni ba na iya gama kofi ɗaya.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ina zaune kusa da gadonsa ina jiƙa masa leɓe da auduga. Idonsa a rufe, na ɗauka barci yake. Sai ya buɗe ido, ya yi mini alama in matso. Na kai kunnena bakinsa, ina zaton wasiyya ce. Ya ce, "Tafiyar Iskandariyyan nan, Hajiya, ke za ki je ofishin. Ki yi musu Hausa kawai."