Noman da Muka Yi wa Taubashina

Ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma duk wanda ya ga rubutuna ya san wanda ya ci yaƙin. Wata uku na yi ina zuwa, biyu daga ciki don malamin yana da keke ne, ina sa ran wata rana ya ba ni dani. Saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da ni. Wannan labarin ba a takarda na same shi ba. Ni na aikata shi da hannuna, hannun hagu, don ni bahago ne tun haihuwa, duka bai gyara ni ba.

Ƙauyenmu yana gefen Gubuci, a ƙasar Maƙarfi. A can na tashi tare da taubashina, ɗan kawuna, wanda agana ta cinye wa idanu tun bai isa ɗaukar fartanya ba. Sa'o'in juna muke. Ni ina ce masa bawana, shi yana ce mini bawansa, har ya koma ga Allah ba mu raba wannan gardama ba. Nakan zuba masa tsakuwa a cikin gyaɗa. Shi kuwa ya taɓa jefa takalmana cikin rumbu ranar da zan je zance, na tafi ƙafa ba takalmi, na dawo da ƙaya.

Da kawu ya rasu, gonaki suka zauna a hannun wan taubashina, wanda dukanmu muke kira Yaya. Yaya ba mugu ba ne. Shi yake ciyar da shi, shi yake yi masa rigar salla. Amma 'yar gonar da ke gindin ɗorawa, wadda ita ce rabon taubashina, bai taɓa tunanin miƙa ta ba. A lissafinsa, da an gama kaka zai kai shi Zariya, unguwar makafi, ya kama bara kamar kowane makaho da muka sani. Mu ma duk haka muka ɗauka. Ba wanda ya tambayi mai idon, ko in ce marar idon.

A shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki ne wani malami ya fara zuwa kasuwar Maƙarfi yana tambayar inda makafi suke. Ma'aikacin wata ƙungiya ne ta masu taimakon makafi, ba ta gwamnati ba. Shi kansa shan-inna ya taɓa masa ƙafa, da ƙafa ɗaya yake tuƙa keke, ɗayar tana biye. Mutane suka zaci rabon sadaka ya zo yi, har wani mai idanu lafiya lau ya runtse su ya shiga layi. Ba zan faɗi ko wane ne ba. Ashe malamin noma yake koyarwa. Ya tafi da taubashina kusan shekara guda, ya dawo da shi ɗauke da ƙunshin igiyar rama, da damin turaku, da wata fartanya mai gajeriyar ƙota.

Malamin bai tsaya a nan ba, sai da ya kai maganar gonar gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, ba sadaka muka zo nema ba," in ji shi. "Gadonsa ne. Shari'a ba ta cire makaho daga gado ba."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba cin gonar zan yi ba. Amma in ta cika da ciyawa muka rasa dawa, Malam zai hau kekensa ya tafi. Ni za a bari da bakin ciyarwa."

Dagaci ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yanke: damina ɗaya. Daga shuka har girbi, taubashina ya noma gonar da hannunsa. In ya iya, tasa ce. In ya kasa, ko wani ya sa masa fartanya, gona ta koma hannun Yaya, shi kuma ya tafi Zariya. Ina wurin, na ji da kunnena. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Da ruwa ya sauka, sai gonar gindin ɗorawa ta zama wurin kallo. Yakan kafa turke a wannan bakin, ya kafa wani a wancan, ya ja igiya tsakani. A jikin igiyar akwai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli rami ɗaya. Da dawa ta tsiro, ya san duk abin da ke gindin ƙulli shuka ne, abin da ba ya nan ciyawa ce. A durƙushe yake noma. Hannu ɗaya ya lalubo, ɗaya ya sare, ya kakkaɓe ƙasar saiwa, ya tara ciyawar a kwando ya kai bakin gona. Ni kuwa ina inuwar ɗorawa ina ba da gudummawar baki.

"Bawana, da wannan tafiyar ai sai da rani za ka gama noman farko."

"Bawan kirki ai ba ya zama a inuwa," ya ce, bai ko ɗago ba. "Na ji ciyawar gonarka ta fara aure tana haihuwa."

Gaskiya ya faɗa. Amma ni ma gaskiya na faɗa, aikinsa da nawa. Ruwan shekarar nan ya yi yawa, ciyawa tana gudu yana rarrafe. Ya gama rabin gabas ke nan malamin ya zo ya tafi da shi Ikara na kwana uku, don a nuna wa wasu dagatai yadda igiyar take aiki, ko sa bar nasu makafin su koya. Rabin yamma yana nan kore shar.

To, mu a garinmu akwai wata al'ada. In mutum yana kwance ba lafiya da damina, ko mace ta shiga takaba, samari sukan faɗa gonar da sassafe su nome, ba sallama ba neman izini. Mai gona sai dai ya ji labari ya sa albarka. Abu ne mai kyau, kuma har yau ina ganin kyansa. Na tara abokaina shida na ce mu yi wa taubashina irinta. Ɗaya daga cikinsu ya tuna mini da sharaɗin dagaci. Na ce, "Wa zai faɗa? Mai gonar ma ba gani yake ba."

Na sha tambayar kaina me ya kai ni. Akwai tausayi, wannan ban ƙaryata ba, don gwiwoyinsa duk sun sale. Akwai neman lada. Akwai kuma wani dattijo da nake neman 'yarsa, wanda nake so labari ya kai masa cewa ni mutumin kirki ne. Sirri nake so, amma irin wanda kowa zai sani.

Da yake a ɓoye ne, ba ganga, ba fura, ba 'yan mata masu kallo. Gayya kuwa in babu waɗannan, sauri ake yi a tafi. Igiyoyin suna harɗe mana ƙafa, sai muka tuge turakun muka watsa gindin ɗorawa. Sannan na koya wa abokaina fasahata: ba sai ka sare ciyawa ba, ja ƙasa kawai ka rufe ta. In na sare dawa bisa kuskure, sai in soka ta a ƙasa ta tsaya kamar mai rai. Kafin hantsi ya dubi ludayi mun gama, gona ta yi baƙi wuluk, gwanin sha'awa. Washegari a kasuwar Kudan na ba mutum uku labari, na ce kada su gaya wa kowa.

Ranar da taubashina ya dawo, ina biye da shi zuwa gona, ina jiran godiya. Ya je inda turken farko yake, ya laluba, babu. Ya matsa, ya laluba, babu. Sai ya durƙusa ya tura hannu cikin ƙasa, ya daɗe haka nan.

"Kai ne?"

"Mu bakwai ne. Ba sai ka gode ba, bawana."

Bai mayar mini da wasan ba. Tun da muke, ranar ce farko.

"Wa ya ce muku ba ni da lafiya?" ya ce. "Ko takaba nake yi?"

Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya ce in nuna masa inda muka zubar masa da igiya. Ya zauna yana warware ta ƙulli bayan ƙulli, ni ina tsaye kamar turken da aka manta ba a tuge ba.

Labari ya riga ya kai wa Yaya, ya kuma kai wa dagaci: samari ne ke nome gonar. Dagaci ya ce zai zo ya gani da idonsa bayan Juma'a ta sama. A cikin kwanakin nan taubashina ya ci gaba da kula da rabin gabas, amma rabin yamma ko taɓawa bai yi ba. Malamin ya ce su mayar da turaku, shi kuwa ya ce a'a, a bari tukuna. Ruwa kuwa bai fasa ba. Akwai wata ciyawa, balasa, wadda in ka binne ta ba ka kashe ta ba, shuka ta ka yi. Mu bakwai mun shuka ta da kyau.

Ranar da dagaci ya zo da dattawa, har da wanda nake neman 'yarsa, gonar ta rabu biyu kamar an ja layi. Gabas fes, dawa a jere. Yamma kuwa ko akuya ta shiga sai an neme ta.

Yaya ya nuna gabas ya ce, "Ranka ya daɗe, ga aikin samari." Ya nuna yamma. "Ga nasa. Ni ban ce ya ƙi ƙoƙari ba."

Dattawa suka gyaɗa kai. Ba ƙarya Yaya ya shirya ba, abin da ya gaskata ya faɗa, kuma kowa a wurin haka ya gani. Abokaina shida suka sunkuyar da kai. Da na yi shiru, da na tashi da sunan gwanin noma a gaban surukin da nake nema, taubashina kuma ya tafi Zariya. Ina so in rubuta cewa nan take na yi magana. Ban yi ba. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata.

Dagaci ya tambayi taubashina ko yana da ta cewa. Ya ce a kama hannunsa a kai shi yamma. Ya durƙusa a kunya ta uku, ya tono balasa da saiwarta cur, ya ɗaga. Ya laluba gaba, ya zaro karan dawa busasshe wanda ba shi da saiwa ko ɗaya, ya ɗaga. Sannan ya shafa gefen kunyar.

"Ranka ya daɗe, wannan saran daga hagu ya zo. Ni da dama nake noma."

Duk garin bahago ɗaya ne ya isa riƙe fartanya. Ban ɗago ba, amma na ji idanu a ƙeyata.

"Ranka ya daɗe, ni ne," na ce. "Yamma namu ne, mu bakwai. Bai sa mu ba, bai sani ba, yana Ikara. Gabas ko ƙafa ba mu sa ba."

Wani dattijo ya ce, "Ku bakwai? Da idanu goma sha huɗu?" Aka yi dariya, har surukina, wanda ya fi kowa daɗewa yana yi.

Yaya bai yi dariya ba. Ya taka zuwa gabas, ya bi kunya ɗaya tun daga farko har ƙarshe yana duba gindin dawa. Da ya dawo ya ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, a bar shi ya kai kaka." Dagaci ya ce abin da aka yi wa mutum ba da saninsa ba ba ya karya sharaɗi, amma duk wanda ya ƙara shiga gonar nan da fartanya, da shi zai yi.

Kwana tara taubashina ya yi yana gyara ɓarnarmu. Na roƙe shi ko turaku in riƙe masa, ya ce in koma inuwa, can na fi amfani. Sai a rana ta goma ya sake ce mini bawansa, na ji kamar an sauke mini dami.

Ya kai kaka, ya girbe dawarsa, gona ta zama tasa. Dattijon nan ma ya ba ni 'yarsa, sai dai da damina ta zagayo zan kai masa gayyar suruki, ya aiko mini cewa in zan zo, in zo da taubashina. Ni na je har gida na gaya masa. Ba a taɓa kiran sa gayya ba sai ranar. Sai ya tambaye ni ko za a yi fura mai nono ko irin ta gidanmu.

Muka je, da igiyarsa a kafaɗa. Ana kiɗa, samari suna tsere, shi yana kunyar gefe a durƙushe, ya yi ɗaya mun yi huɗu. Da yamma surukina ya zaga duba aiki. Ya wuce kunyoyin taubashina bai tsaya ba. Da ya zo nawa sai ya sa ƙafa ya tona.