Kunnen Sammani Bakanike

A Ƙofar Guga, idan inji ya gagari kowa, sai a ce a kai wa Sammani. Tun yana saurayi aka san shi da kunne. Zai ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotarta a kunne, ya faɗa maka abin da ya lalace. Da kunnen nan ya yi aure, da shi ya yi gini a Kambarawa.

Sai kunnen ya fara juya masa baya. Da farko kiran salla daga nesa ya daina ji, daga baya har sallamar baƙo sai an maimaita. Bai gaya wa kowa ba. Kullum da tsoron kada a gane yake zuwa gareji.

Ana haka Alhaji Maitama, wani mai sayar da hatsi, ya sa aka jawo motar marigayi mahaifinsa, ja, mai kujera biyu, irin ta tseren zamanin da.

"Malam Sammani, ƙwanƙwasa take yi, ga hayaƙi. So nake in tuƙa ta da kaina zuwa ɗaurin aure a ƙauyenmu."

Sammani ya san hanyar ƙauyen. Ko da rana tsaka ba a fatan mota ta mutu a kanta, saboda masu satar mutane.

Ya sauke injin ya warware shi. Ringi sun cinye, baƙin mai duk garin ƙarfe, karanshaf ya yi zane. Wannan aikin ido ne da yatsa, bai ba shi wuya ba. Ya kai karanshaf Kano aka gyara, ya sa sababbin fistin, ya ɗaure komai. Ranar da ya tayar da motar, ya kara kunne, ba abin da ya ji sai wani gurnani kamar daga cikin rijiya. Ƙwanƙwasar ta tafi ko tana nan? Ya riƙa hango Alhaji tsaye a daji da bonet a buɗe, babura na fitowa daga cikin itatuwa.

A gida ya kasa cin abincin rana. Matarsa Furera ta zauna inda zai ga bakinta.

"Malam, ai na daɗe da sani. Sai na taɓa ka kake waiwayowa. Ka gaya wa mai motar."

"In na faɗa, wa zai ƙara kawo mini aiki?"

"In ta tsaya da shi a hanya fa?"

Washegari ya gaya wa Alhaji Maitama halin da kunnensa ke ciki. Alhaji ya ce su shiga motar su zaga gari, shi yana saurare, Sammani na dafe da jikin motar yana jin motsinta a tafin hannu. Ba su ji komai ba, amma hankalin Sammani bai kwanta ba.

Ranar tafiyar ya yini da waya a hannu yana kallonta, don ko ta yi ƙara ba zai ji ba. Sai bayan la'asar wayar ta kawo haske, saƙo ya shigo: Alhaji ya dawo lafiya.

Zancen kunnen ya bazu, wasu suka ɗauke motocinsu suka kai wani wuri. Sammani na nan a garejinsa, an sa masa ranar ganin likita, kuma har yanzu yana jin tsoron abin da za a ce masa.