Haliru Mai Ɗaure Tukwane

Duk unguwarmu ta New Bell babu wanda ya kai Haliru tsadar magana. Daga Garwa ya zo Duwala tun yana saurayi, ya kafa rumfa a bayan masallacinmu yana liƙin tukwane, kuma in ka gaishe shi ya ɗaga kai, to, ka gode Allah. Shirun nan ne ya kori matarsa Iyatu. Ta yi yaji zuwa gidan iyayenta a Ngaundere, ta ce gara zama da bango. Mu maƙwabta mun yi ta cewa ya je biko, amma girman kai rawanin tsiya, ya ce wadda ta san hanyar fita ta san ta dawowa.

Akwai wani tsoho ɗan China, Leung, kuku a wani gidan abinci a unguwar Akwa, da yake kawo masa tukwanen ƙasa in sun tsage, a ɗaure su da wayar ƙarfe. Faransancin kowannensu gurgu ne, sai suke koya wa juna yare kalma-kalma. Wata rana tsohon ya ce a yarensu na Kanton sunan aikin nan "ku bou", ɗaure tukunya, kuma haka suke cewa in mutum ya tafi lallashin matar da ta juya masa baya. Ya ce shi bai ɗaure tasa ba, shi ya sa ya tsufa a ƙasar mutane yana cin abinci shi kaɗai.

Maganar ta hana Haliru sakat. Ya sayi turmin atamfa, ya kama hanyar Ngaundere.

Iyatu ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa da abinci, ta zauna tana jira. Har aka kira la'asar bai ce uffan ba.

"Malam, tun daga Duwala ka taso don ka yi mini shiru a nan ma?" in ji ta.

Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana tambayar ko bana an samu damina. Ta kwashe kwanuka ta shige ciki.

Shi ya ba ni labarin nan da ya dawo, tiryan-tiryan, har da yadda ɗakin yake masa faɗi, da yadda har yanzu yake sayen biredin mutum biyu. Tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni. Na ce, "Haliru, da rabin wannan ka faɗa mata, ai da tare kuka dawo."