Ƙwan da Ba a Saka Ba

Da aka kawo ni aure unguwar Wunti a Bauchi daga Zungur, ana saura shekara biyu a sami mulkin kai, Innata ta haɗo ni da kaza wake-wake. A gidanmu haka ake yi, uwa ta ba 'yarta kaza daga irin da ita ma uwarta ta ba ta. Inna ta rasu da damina ta farko. Ciwon kaji ya share na Zungur kaf, shirwa ta ɗauke 'yan tsakina ɗaya bayan ɗaya, sai wake-wake kaɗai ta rage cikin irin.

Ita ma sai ta daina ƙwai. Wata biyu tana zubar da gashi, tana cin dawata a banza. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, kullum ina yi mata gori, ina ce mata tsohuwa.

Ran nan wan maigidana ya zo da hantsi ba sanarwa. Malamin gona ne, aikinsa tare da wani Bature, suna buɗe cikin kaji suna ƙidaya ƙwan da ke tafe. Mu dariya muke yi wa wannan aiki. Gidan babu nama, baƙonka kuwa annabinka, kuma abin kunya ne ka tambayi baƙo abin da za a yanka masa. Maigida ya ce a haƙura da miyar kuka. Ni na ƙi, don kada a ce 'yar ƙauye ba ta san girma ba. Da hannuna na kamo wake-wake daga akurki, na miƙa wa maigida ita ta bayan zaure ya yanka.

Da na fige na buɗe cikin, sai ga ƙwai jere, gwaiduwa babba, mai bi mata, har zuwa ƙanana kamar tsabar gero. Na daɗe zaune da wuƙa a hannu. Daga baya na dafa, na ɗora su a saman kwanon baƙo, tunda rabonsa ne.

Da na shiga gaishe shi na tarar ya ware su gefe, bai taɓa ba. Ya bayyana mini cewa kaza in tana sauya gashi hutu take yi, kuma da an ba shi ita ya sa yatsu uku a ƙasan wutsiyarta, da ya gane ta kusa dawowa.

"Ƙanwata, wannan babban jibi za ta saka shi," in ji shi. "Ina kika samo irin nan? A ba ni 'ya'yanta mu raya."

Duk Bauchi shi kaɗai ya iya wannan gwaji, kuma yana zaune a zaurena lokacin da na wuce da ita a ɓoye cikin mayafi. Na ce masa babu 'ya'ya, Yaya.

Na yi kiwon kaji bayan nan, na kasuwa, masu ƙwai sosai. Da 'yata ta tashi aure na ba ta ɗaya. Ta tambaye ni ko irin ta kakarta ce. Har yau ina jin zafin amsar da na ba ta, domin cewa na yi e.