Takwas ɗin da Yaya Sidi ya ce a raba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sidi makwancinsa a Bodinga. Ni ban yi karatu mai nisa ba. Shi ne malamin gidanmu, har daga Kajiji ake zuwa ɗaukarsa a babur in rabon gado ya cije.

Aikinsa nemo lamba guda ce, wadda in aka yanka dukiya a kanta kowane magaji zai sami nasa ba ɓari. Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona a Dandin Mahe, lambar takwas ce kacal: Inna ɗaya, mu maza uku bibbiyu, ƙanwarmu ɗaya. Yaya ya ce a raba. Inna ta ce ba mai ja wa gonar mijinta igiya tana numfashi. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, lambar ga haihuwa takai. Duk wanda ya faɗi cikinmu, sai ta ninka." Ta juya masa baya.

Da Inna ta rasu, takwas ta koma hamsin da shida. Kafin a gama jin kunyar tada maganar, Yaya ma ya tafi, sai ɗaya ɗan'uwan namu, sai ƙanwarmu, kowa da nasa magadan. Bana wani almajirin Yaya ya sake buga lissafin, ya ce mini ta kai dubu ashirin da ɗari da sittin. Wai lamba ce mai ladabi: a raba ta biyu, uku, biyar, bakwai, tara, har goma, ba ta barin saura. Na san da Yaya na nan da ya yi murmushi, don yana son irin waɗannan lambobi yadda wasu ke son doki. Masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu, su yake kira marowata.

To, lamba ta yi ladabi, ƙasa ba ta yi ba. Rijiya ɗaya ce, a gefen fadama inda albasa ke yi. Kashi nawa za a yanka rijiya? Makon jiya babban ɗan Yaya da ɗan ƙanwarmu suka haɗu a bakinta, kowa da adda. Na shiga tsakani, ɗan ƙanwar tamu ya ce, "Kawu, matsa. Ba kai munka zo nema ba." Icen da aka ƙi tanƙwarawa yana ɗanye ke nan.

Me Yaya zai ce da ya ga ɗansa haka? Ban sani ba. Abin da ya bar mini bai wuce wannan ba: bai taɓa tashi daga wurin rabo ba sai magada sun yi musafaha a gabansa.

Ni kaɗai na rage cikin 'ya'yan tsoho, kuma ƙirjina ya fara ciwo. Na kira kowa ran Juma'a bayan masallaci, na ce a zo da igiya, a bar adda a gida. Allah Ya jiƙan Yaya Sidi. Ni kuma Ya ara mini rai zuwa Juma'a, kada lambar nan ta sake haihuwa a kaina.