Shinkafar Doki

Rabi ba karatu ya kawo ta Kuala Lumpur ba, rakiya ta yo. Mijinta, Malam Zahraddeen, malamin jami'a ne da gwamnati ta turo ya yi digiri na uku, ita kuma ta biyo shi da 'ya'yansu biyu, Hanan da Adnan. 'Yar Fagge ce, a gidan masu tuyar masa ta tashi, don haka ba ta daɗe da sauka a wani dogon bene na unguwar Danau Kota ba ƙamshin miyarta ya fara jawo ɗalibai daga sama da ƙasa. Kafin shekara ta zagayo kowa ya san Anti Rabi. Duk Asabar takan hau bas zuwa kasuwar Chow Kit, ta yi ciniki da ɗan Malayancin da bai wuce na kasuwa ba, ta dawo da kuɓewa da attaruhu da ƙafar saniya. 'Yan Kantin Kwari masu zuwa sarin yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, da zarar shinkafar kwakwa ta gundure su, lambarta suke nema. Samarin kwalejoji kuwa magana ɗaya gare su: "Anti, tapau biyu, a cika yaji." Wato a ƙulle musu su tafi da shi.

Shi Malam Zahraddeen, bincikensa a kan illar caca ga iyali yake. Ba don takardar shaida kawai ya zaɓi batun ba, har cikin ransa ya tsani abin. Idan hanya ta biyo da shi ta gaban shagon masu sayar da lambobin sa'a, tsallakawa yake ɗaya gefen titin. Ko ludo yaran suka ɗauko, sai ya leƙa ya tabbatar ba a ajiye alewa a tsakiya ba. Kullum bayan salla yana roƙon Allah ya rufe gidajen cacar ƙasar nan gaba ɗaya.

A watan Maris na 2020 aka amsa addu'arsa, sai dai an haɗa da masallaci da jami'a da filin jirgi. Korona ta shigo, aka ce kowa ya zauna a gida. Malam yana gab da fara hira da 'yan caca ke nan, waɗanda da bakinsu zai gina babi na huɗu, sai ga shi babu inda zai samo ko ɗaya. Ya zauna a falo da kwamfuta a cinya, yana kallon babin da ya ƙi motsi.

Rabi ma kasuwa ta tsaya mata. 'Yan Kwari sun daina zuwa. Samarin nan kuwa, iyayensu a gida su ma kulle ya ci su, sun daina aiko da kuɗi. Haka aka lallaɓa, a sassauta a sake ƙarfafawa, har tsakiyar 2021, lokacin da aka yi kulle mai tsanani, mutane suka fara rataya farin ƙyalle a taga don a san babu abinci a gidan. Wata safiya Rabi ta leƙa ta baranda ta hango farar singileti tana lilo a benen da ke kallon nasu. Ta gane tagar. Ta Ashafa ce, wani yaron Gusau mai karatun kwamfuta, wanda a da yakan sayi dambun nama ya ce a riƙe canji.

A ranar ne maƙwabciyarta Madam Lim ta ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yar asalin Sin ce, gajeriya, mai saurin magana, ta tsaya nesa da takunkumi biyu a fuska. Rabi ta san a Seri Angsana take aiki, amma ba ta taɓa tambayar me ake yi a can ba. Yau ta ji. Kulob ne a wajen gari, mai filin sukuwa da zauren injinan caca. Ba shi da mai shi, ba a raba riba. Abin da ya rage bayan an ciyar da dawaki, an biya ma'aikata da gwamnati, asusun taimako yake shiga, kuma Madam Lim ce ke kula da asusun. Su suka saya wa wani asibitin unguwa injinan wankin ƙoda, su ke ɗaukar nauyin gidan tsofaffi da motar 'yan makaranta. Har da ofishin ba da shawara ga waɗanda caca ta ɗaiɗaita, shi ma su ke biyan hayarsa.

"Muna raba abinci," in ji ta, "amma yaranku na Afirka ba sa iya cin namu. Ke za ki dafa, mu mu kawo kaya mu biya ki. Boleh?"

Rabi ta san ma'anar kalmar, wato zai yiwu? Ta ce sai ta yi shawara da maigida.

Malam ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau.

"Rabi, kin san abin da kike faɗa kuwa? Shekaruna nawa ina rubutu a kan mutanen nan, yau kuma a ɗora tukunyarsu a kicin ɗina?"

"Baban Hanan, tukunyar tawa ce. Shinkafar ce tasu."

"To ai ita nake nufi."

"Ka ga tagar Ashafa?"

Ya tashi ya leƙa, ya daɗe a tsaye. Da ya dawo sai ya ce mas'ala ce ta malamai, zai jefa ta a zauren Hausawa na waya.

Zauren ya kama da wuta. Masu digiri na uku sun daɗe ba su sami abin yi ba. Wasu suka ce haramun ne tsantsa, wasu suka ce dukiyar da ba ta da tsarki ai hanyar fitarta ke nan, a ba mabuƙata. Wani ya kawo bayanin lalura, wani ya tambaye shi wa ya auna lalurar. Malam Hambali, mai karatun tattalin arziki, wanda ya fi kowa zafi, ya aiko da saƙon murya mai tsawon huɗuba, ya rufe da cewa gara ya sha ruwan famfo ya kwanta. Ana cikin wannan muhawara Rabi ta riga ta jiƙa shinkafa.

Malam Zahraddeen ya yanke nasa hukuncin a tsakiya. Ta dafa, tunda akwai masu yunwa. Amma ko ƙwara ɗaya kada ta shiga bakin 'yan gidan, kuma ladan aikinta a mayar cikin cefanen rabo. Rabi ta ce ta ji. Aka ware tukwane, aka ware cokula, kamar ana jinyar mai tari.

Motar kulob ta fara kawo buhunan shinkafa da kaji da mai, da robobin zuba abinci, kowace da tambarin kan doki a murfi. Rabi ta koma tashi tun asuba. Dafa-duka yau, gobe shinkafa da wake, jibi tuwo miyar kuɓewa. Ta jera a ƙofar bene, kowa ya zo da takunkuminsa ya ɗauka. Samarin suka raɗa wa abincin suna shinkafar doki. Ashafa ya sauke singiletinsa ya mayar da ita jiki.

A rana ta uku saƙo ya shigo wayarta, ba ta zaure ba, ta gefe. Matar Malam Hambali ce, Hureira. Bayan doguwar gaisuwa ta ce: "Maman Hanan, don Allah a ajiye mana huɗu. Amma Malam ya ce a ɓare dokin." Rabi ta sa farce ta ɓare dokin. Kafin mako ya ƙare, ɓare doki ya zama aiki mai zaman kansa, kuma ta lura yawancin masu buƙatar a ɓare su ne waɗanda muryarsu ta fi tashi a zaure. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta dai ware musu nasu layin a cikin jaka baƙa.

A cikin gida kuwa, doka tana nan, sai dai hanci ba ya bin doka. Ƙamshin kaza ya cika ɗakuna, su kuma suna cin taliyar leda da ƙwai. Wata rana Adnan ya ja zanen uwarsa ya tambaya da Turanci, don da shi yake amsa komai, wai me ya sa kowa a Danau Kota yake cin abincin Mama ban da su? Malam ya yi masa bayani mai kyau. Da la'asar Rabi ta shigo kicin ta tarar da Malam da cokali a baki.

"Gishiri nake duba miki," ya ce.

Tun daga ranar bai fasa duba gishiri ba, wani lokacin da cinyar kaza, don a tabbatar ya ratsa.

Ba 'yan Afirka kaɗai ke zuwa layin ba. Akwai wani tsoho siriri, ɗan asalin Sin, mai zama shi kaɗai a tsofaffin gidajen bayan kasuwa. Kowa Ankul Chong yake ce masa. Ranar farko yaji ya sa shi hawaye, washegari ya dawo ya ce a ƙara. Shi kaɗai ne ba ya godiya. Yakan ɗaga robar ya kalli dokin kamar wanda ya ga tsohon aboki, ya ƙyalƙyale da dariya. Rabi ta kasa haƙuri ta tambaye shi abin dariya.

"'Yata, wannan shinkafar tawa ce," ya ce. "Na biya kuɗinta tun kafin a haife ki. Shagon gyaran agogo gare ni, dawakin nan suka cinye. Mota gare ni, suka cinye. Matata ta kwashe yara ta koma Ipoh. Injin wankin ƙodar nan da suke taƙama da shi, aƙalla wayar wutarsa tawa ce. Yanzu sun fara dawo mini da abina, roba-roba. In Allah ya ba ni shekara ɗari uku, za mu yi canjaras."

Rabi ta yi dariya. Ta ƙara masa nama. Da ta hau sama ta ba Malam labari, ta ga ya miƙe zumbur yana neman takalmi.

"Ɗan caca? A ƙofar benen nan?"

"Tun makon jiya yake zuwa."

"Kuma ba ki faɗa mini ba!"

Haka babi na huɗu ya farfaɗo. Ankul Chong ya zauna a kan dakalin bene, Malam a ɗaya ƙarshen da na'urar ɗaukar murya, ya zazzage masa rayuwarsa kaf. Ya kuma kawo abokansa, tsofaffin 'yan filin sukuwa, waɗanda kulle ya hana su abin yi, suna neman wanda zai saurare su. Sharaɗinsu ɗaya ne, a ajiye musu dafa-duka. Abin da Malam ya kasa samu a shekara guda, layin abincin kulob ya kawo masa har ƙofa cikin wata biyu.

Kundin ya kammala, ya kuma yi zafi. A ƙarshensa Malam ya ba da shawarar a rufe irin waɗannan wurare, ya ce sadakarsu kamar mutum ne ya sare ka da adda sannan ya saya maka bandeji. Ya kare shi ta kwamfuta daga falo, da babbar riga a sama da wandon barci a ƙasa, ya ci. Madam Lim ta roƙi kwafi. Malam ya ba ta yana jin kunya. Bayan kwana biyu ta dawo da fara'a, ta ce ta karanta, aiki ya yi kyau ƙwarai, kuma shugabannin kulob sun ji daɗi, za su ambace shi a rahoton shekara cikin binciken ilimi da shirin ciyarwarsu ya taimaka aka yi. Malam ya buɗe baki zai musa, ya tuna gaskiya ne, ya rufe.

Da annoba ta lafa, rabon abinci ya tsaya, aka buɗe filin sukuwa. Kulob ya gayyaci Rabi karɓar takardar yabo. Ba ta je ba. Ko da ta je ma, zauren cacarsu da allo a ƙofa cewa Musulmi ba ya shiga. Madam Lim ce ta kawo mata takardar gida.

Ankul Chong kuwa, ranar da aka buɗe filin sukuwar, shi ne a gaban layin shiga. Bayan 'yan kwanaki ya hau har benen su Rabi yana haki, rungume da ƙaton kwali. Tukunyar dafa shinkafa ce ta lantarki, irin ta gidajen abinci, wadda Rabi ta daɗe tana kallo a kanti.

"Ankul, daga ina?"

"Doki mai lamba bakwai ya ci mini. Karon farko cikin shekaru. Karɓi mana."

Rabi ta shafa kwalin. Ta waiwaya ta ga Malam a bakin ƙofar falo, ya bar mata zaɓi. Ta tura kwalin a hankali.

"Ka yi haƙuri, Ankul. Ba zan iya ba. Ka mayar, ka karɓi kuɗinka, ka sayi magani da abinci. Ko ka hau mota ka je Ipoh ka ga jikokinka."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce ta yi gaskiya, haka zai yi. Ya sunkuci kayansa ya sauka.

Suna cikin ɗaure kayan komawa Najeriya Rabi ta gamu da shi a shagon shayi na Indiyawa Musulmi da ke ƙasan bene, yana juya cokali a kofi. Ta tambaye shi ya mutanen Ipoh.

"Ban samu zuwa ba," ya ce. "Na mayar da tukunyar, sun ba ni kuɗin. Ranar Lahadi ce, ranar sukuwa." Ya ɗaga yatsu huɗu yana murmushi. "Tukunyarki ta yi ƙoƙari, 'yata. Ta huɗu ta zo."

Rabi ta saya masa roti, gurasarsu ta can, da ƙwai, ta zauna har ya cinye. Ta gaya masa jibi za su tashi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya tambaye ta ko a ƙasarsu akwai dawaki. Ta ce akwai. Ya ce to ta yi nesa da su.